Sulen da Ya Ɓace Cikin 'Yan Uwansa

An yi wani mutum a nan garin Doha, ɗan uwanmu ne daga gida. Ba zan faɗi sunansa ba. Wanda ya gane shi ya bar wa cikinsa, wanda bai gane ba kuma kada ya fita daga nan ya shiga tambaya, don ba gulma muka taru yi ba.

Injiniya ne a wani kamfanin gas. Yana zaune a unguwar Bin Mahmud da matarsa Fiddausi da 'ya'yansu. Ba ya shaye-shaye, ba ya bin mata, sallar asuba ba ta wuce shi a masallaci. Da a lokacin an ce in nuna wanda zai lalace a cikinmu, wallahi ba shi zan nuna ba.

Abu ɗaya ya sa a ransa, shi ne tara tsofaffin tsabar kuɗi. Da wasa abin ya fara. Wata Juma'a da yamma ya shiga kasuwar Suk Wakif sayen turare, sai ya ga wani ɗan kasuwa ya baje tsofaffin kuɗin ƙasashe a faranti, ciki har da kwabo mai huji da anini irin na zamanin kakanninmu. Ya saya don tuna gida. Daga kwabo sai taro, daga taro sai sisi, kafin shekara ta zagayo ya ware ɗaki guda a gidansa ya sa masa mukulli.

Kada wani ya je ya ce Malam ya haramta tara kuɗin da. Ban haramta ba. Wani tantabara yake kiwo, wani agogo yake tarawa, wasunku kuma da nake kallo yanzu wayoyi ne abin sonsu, suna latsawa a ƙarƙashin riga ina magana. Sha'awa ba zunubi ba ce. Ku dai bi ni a hankali.

Masu wannan harka suna da nasu ilmi. Su ba sa cewa kuɗi kuɗi ne. Kowace tsaba sai an dube ta da ɗan gilashin nan da masu gyaran agogo ke liƙawa a ido, a ga ko ta goge, ko akwai kwarzane a jikinta, ko wani ya taɓa wanke ta. Sannan a ba ta maki, daga ɗaya har saba'in. Wadda ta fito daga wurin bugawa hannu bai taɓa ta ba, ita ce gaba da kowa. Wadda kuwa ta yi yawo a hannun jama'a, ta sayi gishiri, ta sayi magani, aka yi sadaka da ita, wannan a wurinsu tarkace ce. Ni dai har yau abin yana ɗaure min kai, a ce kuɗin da bai taɓa amfanar kowa ba shi ne mai daraja. Har kamfanoni ke akwai a ƙasashen waje da ba su da aiki sai wannan. Ka aika musu tsabarka, su duba, su rufe ta a gidan roba da makinta a jiki.

Mutumin nan ya ƙware. Sai ya sa farar safar hannu yake taɓa kayansa. Larabawa da Indiyawa masu wannan sha'awa suna kawo masa nasu ya duba, in ya ce jabu ce magana ta ƙare. Suka riƙa kiransa gwani, shi kuma ya yarda shi gwanin ne. A hankali idonsa ya daina ganin abu, sai aibin abu.

A cikin duk kayansa akwai waɗanda ya fi so. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Amurkawa sun buƙaci ƙarfen nikel don ƙera kayan yaƙi, sai suka cire shi daga 'yar tsabarsu ta senti biyar, suka gauraya azurfa a madadinsa. Ana gane irin su da wani babban harafi a bayansu, a saman hoton wani gini mai ƙubba. Masu kyau ya jera su a gidajen roba. Gogaggun kuwa, waɗanda ake saya a jaka don azurfar da ke cikinsu kawai, a wata ƙatuwar kwalba yake watsa su, ko kallo ba su ishe shi ba. Ku riƙe kwalbar nan a ranku, za mu dawo kanta.

Yana da uwa a Kano, Hajiya, tsohuwa ce ƙwarai, idanunta sun kusa rufewa. Shi ne ɗanta na fari. Yaran da aka haifa a nan ba lallai su san yadda iyayenmu mata na da suke da ɗan fari ba, don haka bari in faɗa. Ba ta ambaton sunansa. Ba ta zama su yi hira fuska da fuska. In tana son abu daga gare shi sai ta bi ta hannun wani. In tana magana da Fiddausi, mai gidan take ce masa. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma sau da yawa wannan ɗan da ba a kiran sunansa shi ne aka fi so. Duk sanda suka gama waya sai ta ce wa Fiddausi, Allah ya yi wa mai gidan albarka. Da wannan albarkar yake tafiya, shi ma ya sani.

Ya yi abin kirki, ba zan rage masa ba. Ya nema mata biza, ya kawo ta Doha a yi mata aikin ido.

Hajiya tana da wani abu ɗaure a haɓar zaninta, tun tasowarsa yake ganin ƙullin amma bai taɓa ganin abin da ke ciki ba. Mahaifinta, Usaini, dako yake yi a filin jirgin saman Kano a zamanin yaƙi, lokacin da jiragen Amurkawa ke sauka shan mai. Wani daga cikin matuƙan ya ba shi 'yar tsaba. Ya kawo gida ya ba matarsa ya ce a ajiye wa yarinyar, ita Hajiya a lokacin tana goye. Ba da daɗewa ba ya shiga soja, aka tafi da su yaƙi ƙasar Bama, bai dawo ba. Babu kabari, babu hoto, ko rigarsa ba a gani ba. Wannan tsabar ita ce duk abin da ta sani na ubanta. Sulen Baba take kiranta, ko da yake ba sule ba ce. Bayan kowace salla sai ta kwance ƙullin, ta riƙa murza ta da babban yatsa tana roƙa masa gafara, sannan ta mayar ta ɗaure. Ba tsafi take yi ba, tuna uba take yi.

Ranar aikin ido ma'aikatan jinya suka ce ta cire kayanta ta sa rigar asibiti. Ta kwance sulen ta danƙa wa Fiddausi ta ce, “Amana.” Fiddausi ta ji tsoron kada yara su yi wasa da shi, sai ta ba mijinta ta ce ya kulle a ɗakin kuɗinsa.

Yana karɓa ya gane mene ne. Irin abin sonsa ne, senti biyar ɗin yaƙi. Ya goge ƙwarai, gefe guda ya kusa shafewa, shekarar da ke jiki da ƙyar ake karanta ta. A wurin masu ba da maki wannan na kwalba ne. Amma da ya liƙa gilashi sai ya ga kamar lambar ƙarshe ta hau kan wata lamba. Irin wannan kuskuren bugu masu harkar nemansa suke yi ruwa a jallo. Ya duba ya ga akwai, ya sake dubawa ya ga babu, ya juya fitila ya sake ganin kamar akwai. Ya ce a ransa sai an aika waje an tabbatar.

Ya 'yan uwa, me ya hana shi tambaya? Ai da sai ya tura Fiddausi ta ce, Hajiya, mai gidan yana son aron sulen nan na ɗan lokaci. Ko ta ba shi ko ta hana, shi ke nan. To, ya san za ta hana, kuma zuciyarsa ta riga ta ƙwallafa. Sai ya ce wa kansa, tsohuwar da ba ta gani, ina za ta bambance?

Ya buɗe kwalbar ya tsinto gogaggu masu kama da nata, da yawansu. Ya san Hajiya man kaɗanya take shafawa a hannu, sai ya samo man da guntuwar fata. Kwanakin da take jinya a asibiti, da ya dawo daga aiki sai ya shiga ɗaki ya kulle, yana goge su gefe guda, yana gwadawa da nata. Duk ilminsa ya zuba a wannan aiki. Da suka yi daidai ya zaɓi wanda ya fi kama ya ba Fiddausi, sauran ya mayar kwalba. Na Hajiya kuma ya tura shi ƙasar waje.

Aikin idon bai yi ba. Likitoci suka ce jijiyar ta riga ta mutu. Hajiya ta ce Alhamdulillahi, ta karɓi sulenta ta ɗaure.

Bayan la'asar ta kwance ƙullin kamar kullum. Fiddausi tana gefe tana ninke kaya. Ta ga babban yatsan Hajiya ya fara zagaye, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Kashegari Hajiya ta kira Fiddausi ta ce, “Ki ce wa mai gidan, in ya gama dubawa ya maido min da sulen Baba. Wannan na wani ne.”

Ku ji yadda uwa take magana. Ba ta ce ya sata ba. In ya gama dubawa, ta ce. Ta buɗe masa ƙofa da hannunta, ya wuce ba tare da ya ji kunya ba.

Bai bi ta ƙofar ba. Ya ce wa Fiddausi, “Wane dubawa? Abin da kika ba ni shi na maido miki.” Fiddausi ta karɓi sulen ta juya shi a hannu. Ita dai ga shi nan yadda ta san shi, gogagge, da maiƙo a jiki. Ta koma ta durƙusa ta ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, shi ne.” Hajiya ta ce to. Bayan 'yan kwanaki ta sake aikowa, da irin lafazin farko.

A nan ne ya yi abin da ya fi ɗaukar sulen muni. Ya ce wa matarsa, “Hajiya ta fara ruɗewa. Ga tsufa, ga allurar barcin da aka yi mata.” Ya buga wa ƙanwarsa Atine waya a Kano, ita ke zaune da Hajiya a gida, ya gaya mata haka. Don maganar ta yi ƙarfi sai ya ce za a kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa.

Likitan ba ya jin Hausa, Hajiya ba ta jin Turanci ko Larabcin asibiti. Wa zai yi tafinta? Ɗanta. Likita ya tambaye ta yau wace rana ce a watan Turawa, ba ta sani ba. Ya tambaye ta sunan unguwar da take zaune, ya tambaye ta a hawa na nawa suke. Makauniyar da aka ɗauko daga Kano aka ajiye a ɗaki mai sanyi, ina za ta san Bin Mahmud? Sannan likita ya nuna mutumin ya ce, wannan da ke gefenki, mene ne sunansa?

Shi da bakinsa ya fassara mata tambayar. Hajiya ta sunkuyar da kai ta ja mayafi. Likita ya sake tambaya, ta yi shiru. Likita ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce lallai abin ya yi nisa, tunda har sunan ɗanta ya ɓace mata.

Mutumin nan ya san dalilin shirunta. Tun yana rarrafe bakin nan bai taɓa furta sunansa ba, don girmama shi. Magana biyu ta isa ya yi wa likita bayani. Ya yi shiru. Kunyar da ta yi masa duk tsawon rayuwarta, ita ya ɗauka ya mai da shaida a kanta. Ni duk sanda na zo nan a labarin nan raina ɓaci yake yi, kuma yanzu ma ya ɓaci.

Aka ba ta ƙwayoyi. Gida ya canza. In ta ce ta ci abinci sai a tambayi Fiddausi ko da gaske ne. In ta ce ta yi salla sai a dubi juna. 'Yan uwanmu mata suka riƙa zuwa dubiya, suna ɗaga murya in za su gaishe ta, kamar kurma ce. Kowa yana yaba wa ɗan nan mai haƙuri da uwa. Hajiya ta daina aiken. Wata rana da hantsi Fiddausi tana wucewa ta ƙofar ɗakin ta jiyo ta tana magana ita kaɗai, a hankali: “Ko dai ni ce? Ya Allah, ko dai ni ce?” Daga ranar ba ta ƙara kwance ƙullin ba. In ta idar da salla sai ta zauna da hannu buɗe a cinya.

Sai ga amsar kamfani ta iso. Sun maido sulen a 'yar leda, ko gidan roba ba su sa shi ba. Suka ce babu wani kuskuren bugu, na gama-gari ne, kuma ya sha guga har ya lalace, ba za su ba shi maki ba. Abin da ya ci amanar uwarsa a kai ke nan, ko kuɗin aikawa bai kai ba.

Har a lokacin ƙofa ba ta rufe ba. Hajiya tana ɗakin da ke kusa. Amma in ya mayar, me zai ce wa Fiddausi? Me zai ce wa Atine, da likita, da matan da suka zo dubiya? Ya tsaya da sulen a hannu, haushin kamfanin yana cinsa, haushin kansa yana cinsa. Ya ce, “Khalas, shi ke nan,” ya buɗe kwalbar ya jefa shi. Daga baya ya sayo wasu jakunkuna ya juye a kai.

Hajiya ta ce a mai da ita gida. A filin jirgi ta dafa kan jikokinta ɗaya bayan ɗaya ta sa musu albarka. Ta riƙe hannun Fiddausi ta daɗe tana yi mata addu'a. Yana tsaye yana jiran kalmar da ya saba ji. Ma'aikacin da ke tura kekenta ya ce yalla, mu je, aka tafi da ita. Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba. Albarkar ce kawai ba ta faɗa ba.

Ya ce wa kansa mantuwa ce. Shi da ya ƙirƙiro mantuwar, shi ya fara fakewa da ita.

Ya 'yan uwa, ba tsawa ce ta faɗo masa ba, ba gobara ba. Abin a hankali ya zo. Wani Balarabe ya kawo masa tsaba ya duba, ya ce ta gaske ce. Balaraben ya kai bakin ƙofa, sai gwanin ya kira shi ya ce a'a, jabu ce. Da yamma ya buga masa waya ya ce ya dawo da ita, kamar ta gaske ce. A wurin aiki zai karanta ma'auni ya rubuta, ya yi nisa sai ya dawo ya sake karantawa, ya ga daidai ne amma zuciyarsa ta ƙi yarda. A salla bai san ko raka'a ta uku yake ko ta huɗu ba, sujadar gyara ta zame masa ta kullum. Ya je likitan ido, aka ce idonsa lafiya lau. Ya je wani, aka ce masa haka.

Ana cikin haka Atine ta bugo ta ce jikin Hajiya ya yi tsanani, in zai zo ya zo. Ya ajiye waya. Fiddausi ta dube shi ta ce, “Baban yara, don Allah ka gaya min gaskiyar sulen nan.” Ya gaya mata. Ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Da bakina na ce mata shi ne.”

Ya ɗauko kwalbar ya juye a kan tebur. Ya sa safar hannu, ya liƙa gilashi. Shi ne fa gwanin Doha, ya ce kafin la'asar zai fitar da shi. Ya ware masu shekarar, ya ware waɗanda suka goge gefe guda. Suka rage cikin tafin hannu, dukansu da santsi a wuri ɗaya, dukansu da ƙanshin man kaɗanya. Ai shi ya goge su da kansa, kuma bai yi aikin wasa ba. Ya ɗauki ɗaya ya ce wannan ne, ya ɗauki na kusa da shi ya ga ya fi kama. Ya fara zargin ko ma tun farko ya mai da na gaskiyar cikin tarin da ya ture. Ya haɗa su duka ya sake daga farko. Ramin da ya gina wa makauniya, shi mai ido ya faɗa.

Sai ya tuna akwai mutum ɗaya a duniya da ba ta buƙatar gilashi. Ya kwashe su duka a jaka ya hau jirgi.

Ya tarar da Hajiya a jingine da matashi, ta rame, Atine tana mata fifita. Ya durƙusa, ya faɗi komai a gaban ƙanwarsa, bai rage ba. Sannan ya juye kuɗin a kan shimfiɗa kusa da hannunta, ya ce, “Hajiya, sulen Baba yana cikin nan. Ki taɓa ki fitar da shi.”

Ta miƙa hannu cikin tarin. Ta ɗauki ɗaya, yatsanta ya zagaya, ta ajiye. Ta ɗauki wani, ta daɗe da shi, har ya fara murna, sai ta ajiye shi ma. Ta janye hannunta.

Ta ce, “Ni ai an ce na ruɗe.”

Ya ce, “Ƙarya na yi, Hajiya. Lafiyarki ƙalau.”

Ta ce, “Likita ma ya faɗa.”

Ya kama ƙafarta yana kuka ya ce ta yafe masa. Ta juya fuskarta wajen Atine ta ce, “A yafe me? An ce ba a ɗauki komai ba.” Can ta ce, “Atine, ki ce wa baƙon nan ya kwashe kuɗinsa, kada yara su haɗiye.”

Baƙon nan. Ruɗewar ce ta zo da gaske a ƙarshe, ko kuwa ta gane shi sarai? Atine ba ta sani ba. Shi bai sani ba. Ni ma da nake ba ku labari ban sani ba. Hajiya ba ta ƙara magana mai tsawo ba, a cikin makon Allah ya karɓi abinsa. Matan da suka yi mata wanka suka ga ƙulli a haɓar zani, ya daɗe ba a kwance ba har ya yi tauri. Atine ta yanke shi, ta fito da jabun da ke ciki, ta jefa a jakarsa ta ce, “Ga naka.”

Ya dawo Doha da jakarsa. Aikin gas ba ya son mai kokwanto, suka yi masa haƙuri iya yinsu sannan suka sallame shi. Fiddausi ta kwashi yara ta koma gida. Ba ta nemi saki ba, cewa ta yi ba ta iya kallon fuskarsa tukuna. Kyawawan tsabarsa na gidan roba duk ya rabu da su. Ya sami wani kafil, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo kan biza, mai ƙaramin shago a unguwar Mansura, yana kwana a ɗakin haɗaka da samarin da a da ko gaisuwarsu da ƙyar yake amsawa. Daga cikin duk abin da ya tara, kwalbar nan ce kaɗai ta rage masa.

Wasunku sun gamu da shi. Bayan salla yakan tsaya a bakin masallaci, in ya ga dattijo sai ya matso ya ciro 'yan tsaba daga aljihu. Ni ma ya tare ni. Ya ce, “Malam, rufe idonka ka taɓa. Wanne ne ya fi kama da wanda aka daɗe ana addu'a da shi?” Na ce bawan Allah, ni ban taɓa riƙe na gaskiyar ba, da me zan gwada? Ya ce, “To in na yi sadaka da su duka, ai yana ciki ko?” Na ce yana ciki. Ya ce, “To in na bayar, na ba da sulen Baba ke nan, kuma ba nawa ba ne.”

Na gaya masa abin da na sani. Ƙofar tuba ba ta rufuwa ga mai rai. Na ce ya yi mata addu'a, ya yi wa Usaini addu'ar da ya katse, ya sada zumuncinta, ya je wa duk wanda ya gaya wa ta ruɗe ya wanke ta. Ya ce zai yi, kuma yana yi. Sannan ya dube ni ya ce, “Amma ta yafe?” Wannan kam ban iya amsa masa ba, kuma ba zan yi masa ƙarya ba. Amsar ta tafi da mai ita.

Ya 'yan uwa, ina ya faɗi? Ba ranar da ya sayi kwabo a kasuwa ba. Ya faɗi ranar da aka ce masa amana ya ga kaya. Ya ƙara faɗuwa ranar da aka buɗe masa ƙofa ya ƙi shiga don kada a ce gwani ya yi kuskure. Ya ƙarasa a ɗakin likita. An hana mu ko tsaki a gaban iyaye, to ina ga wanda ya sa uwarsa ta daina yarda da hannunta? Ido Allah ya riga ya karɓa, yatsa ɗaya ya rage mata, shi ma ɗanta ya ƙwace.

Da yawanmu a nan mun yi karatu, mun ga duniya, iyayenmu kuma suna can gida ba su san sunan aikin da muke yi ba. In tsohuwa ta ce maka abu kaza ba daidai yake ba, sau nawa ka ce tsufa ne? Sau nawa ka yi tafinta tsakaninta da duniya ka rage, ka ƙara, don ka huta? Kai ka sani. Kuma duk wanda ke da abin wani a cikin kwalbarsa, ya fitar da shi yau, tun yana iya gane shi, tun mai shi yana iya karɓa. Gobe wata jaka za a juye a kai.

Wanda uwarsa take raye, kada ya bari rana ta faɗi bai nemi albarkarta ba. Wanda tasa ta rasu, ya ɗaga hannu tare da mu.

Allah ya jiƙan Hajiya, ya haɗa ta da uban da ba ta taɓa gani ba. Allah ya yaye wa bawan nan ruɗun da yake ciki, ya karɓi tubarsa. Kada Allah ya sa mu ci amanar wanda ya yarda da mu, kada ya bar mu da ilmin da zai makantar da mu, kada ya ɗauke iyayenmu suna riƙe da mu a zuciya. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.